Ba Gwaggo Mai Daddawa Ce Ta Sha Jinin Yayana Ba

Har gobe mutanen Nasarawan Doya cewa suke yi maita ce ta kama yayana. Ba haka ba ne. Ni na yi jinyarsa, kuma abin ba zai fita raina ba har in koma ga Mahaliccina.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba, na gama sakandare ina zaune a gida. Yayana, ƙaton da ke yini a gonar rake, ya fara ɗashewa. Tafin hannunsa ya yi fari fat, daga ɗaki zuwa zaure sai haki. Aka ce shan jininsa ake yi. Rannan cikin zafin zazzaɓi ya ambaci maƙwabciyarmu, tsohuwa mai daddawa da muke kira Gwaggo. Shi ke nan, an samu mayya.

Aka jawo ta tsakar gidanmu, aka sa ta tsallake shi, ta kurkure baki aka ɗura masa ruwan. Tana ta cewa, "Ni da na goya shi a bayana?"

Na ce, "Wannan ai ƙazanta ce!"

Baba ya ce, "Ke 'yar boko, rufe mana baki."

Ban rufe ba. Na hana kawuna direba sakat har ya kwashe mu zuwa asibiti a Zariya. Can ma zargin bai ƙare ba. Da Baba ya ga ana zuƙar jini a sirinji, sai ya ce, "Mutum ba jini, kuna ƙara ɗiba? Sayarwa kuke yi?" Da aka soka allura a ƙashin ƙirji don ɗebo ɓargo kuwa, ni kaina sai da na fara tantama. Na tare likita a ƙofa na ce sai ya nuna mini inda jinin yake zuwa.

Ya kai ni ɗakin gwaji. Aka ɗiga wani ruwa a kan jinin yayana, nan take ya dunƙule gudaji-gudaji. Aka ɗan ɗebi nawa jinin aka ɗiga, ko gezau. Ya ce wannan alama ce cewa garkuwar jikinsa ta juya tana yaƙar jininsa, kuma yana kyautata zaton yaƙin ya kai har ɓargo, inda jini ke samuwa.

Na fassara wa Baba. Ya ce, "Jiki ya ci kansa? To wa ya sa shi?"

Aka ƙara masa jini, aka ɗora shi kan ƙwayoyi, a hankali ya murmure. Muna komawa gida mata suka dinga barka: "Kin gani? Tun da Gwaggo ta tsallake shi ta saki kurwar." Na yi bayani har muryata ta dushe. Ashe in mutane sun riga sun samu wanda za su tuhuma, ko warkewa sai ta zame musu hujja.

Gwaggo kuwa, an daina sayen daddawarta, yara na jifan ƙofarta, har ta tattara ta koma wurin 'yarta a ƙauyen Taba. Na dubi yayana na ce, "Bakinka ne ya kore ta. Ranar kasuwa za ka wanke ƙafa mu je mu dawo da ita, kuma kai za ka ɗauko mata kaya a ka, ta tsakiyar gari."