Matattun Tsuntsaye a Ƙofar Shagona

Shekarar da na sa wa shagona sabon gilashi ina da cikin wata biyar. Kafin wannan cikin na yi ɓari sau biyu, don haka ko tari na yi sai na dafe mara. Shagon yana Staten Island, can ƙasar Turawa, kusa da tashar jirgin ruwa, ina sayar da turare da mayafai. Gilashin tun daga ƙasa yake har sama, kullum sai na goge shi, har bishiyoyin bakin teku kana gani a jikinsa.

Farkon watan Mayu, sanyi ya fara sakin mu, na zo buɗe shago na tarar da mataccen tsuntsu a bakin ƙofa. Ɗan mitsitsi ne, ƙirjinsa ruwan ɗorawa, fuskarsa baƙa kamar an ɗaura masa ƙyalle. Babu jini, babu alamar kyanwa ta taɓa shi. Washegari biyu na samu. Ni 'yar Damagaram ce, a inda na tashi mushen tsuntsu ba ya kawo kansa ƙofar mai ciki. Na ce shi ke nan, an jefe ni.

Mijina ya ce in bar shirme, tsuntsu ai dama mutuwa yake yi. Ya ɗauki makullin motarsa ya tafi filin jirgin sama jiran fasinja, ya bar ni da tsorona. Kwana huɗu ban ga komai ba, har na fara samun barci.

A na biyar na yi sammako. Daga nesa na hango mutum tsugune a ƙofar shagona. Anti ce, mai kitson da shagonta ke jikin nawa, 'yar zangon Kumasi, wadda tun da ta gane ina da ciki kullum take kawo mini shinkafa da wake da yajinsu mai baƙin mai. Tana riƙe da tsuntsu a hannu. Ta waiga dama da hagu, ta tura shi cikin zaninta, ta shige shagonta.

Daga ranar ban ƙara kai abincinta bakina ba. In karɓa da murmushi, tana juya baya in juye a kwandon shara. In ta miƙo hannu za ta shafa cikina sai in ja baya. Na bi shagona da tofi da hayaƙi. Ina zaune ina jiran motsin abin da ke cikina, in ya yi shiru na awa guda sai in shige banɗaki in duba ko jini ya zo. Wallahi na tsani matar nan, kuma tsoronta ya fi tsanar yawa.

Wata safiya kuma sai ga wata tsohuwar Baturiya, da malfa da madubin hangen nesa a wuya, ta duƙa a ƙofata tana saka tsuntsu a jakar takarda. Na ce to, abin har ya kai ga haɗa kai da Turawa? Na rufe ta da faɗa da guntun Turancina. Ko a jikinta. Ta ce tsuntsayen daga ƙasashen kudu suke tasowa duk shekara a irin wannan lokaci, suna bin gaɓar teku zuwa arewa. Da safe sukan sauko a gajiye, su ga bishiya a jikin gilashi, su nufe ta da gudu, su bugi gilashin su mutu. Ta nuna mini ɗan tabon gashin tsuntsu a gilashina, wanda kullum nake gogewa ban taɓa tambayar kaina daga ina ba. Na tuna shamuwar garinmu da ke zuwa gaban damina, ashe nan ma suna da nasu baƙin.

Ban buɗe shago ba, na shiga wurin Anti. Na faɗa mata abin da Baturiyar ta ce, na kuma faɗi abin da na gani da abin da na zarga. Ta daɗe tana wanke matajinta kafin ta ɗago.

"Ƙanwata, kwashewa nike yi kafin ki zo," in ji ta. "Ni ma na ɗauka jifa ne. Na ce in zai kama wani ya kama ni, ni na gama haifuwa."

Ta ce tun makon farko take ganin shinkafarta a shara. Na roƙi gafara ina kuka, ta ce ya wuce.

Na manna wa gilashin ɗige-ɗigen farar takarda kamar yadda Baturiyar ta koya mini, don tsuntsaye su riƙa ganin sa. Na haifi 'yata lafiya, kuma ranar suna Anti ce ta tsaya kan tukunya tun safe. Amma har na bar unguwar ba ta ƙara miƙo mini kwano da hannunta ba.