Tsohon da Ya Tuba da Tsere

Tsohon da ke tuƙa falukarmu, jirgin katako mai tafiya da iska a Kogin Nilu, yana rantsuwa ya daina tsere tun gemunsa na baƙi. Da ƙafa yake riƙe sandar tuƙi, carbi a hannu. Sai ga wata faluka tana neman wuce mu, sa'ansa na ciki yana ɗaga masa kofin shayi. Ina zargin sun shekara arba'in suna wannan gaisuwa. Carbi ya faɗa aljihu, tsohon namu ya finciki igiyar ƙyallen da iska ke turawa, jirgi ya karkata har ruwa na lasar takalmanmu.

"Ya Ammu, a hankali!" in ji wata Basudaniya a jirginmu, tana kiransa baffa da Larabci.

"Ma'alish, yi haƙuri 'yata, iska ce," ya ce, yana waiwaye yana auna ratar da ya bayar.