Kwamfutar da Basharu bai kunna ba

Shekara bakwai ke nan da rasuwar ƙanena Basharu, mai gyaran waya a Tambuwal. Zazzaɓin kwana huɗu ya ɗauke shi a tsakiyar damina. Ya bar mata da 'ya ɗaya, Saratu. Ya kuma bar kwamfutar da ya shekara biyu yana haɗawa da hannunsa, bai kunna ta ko sau ɗaya ba.

Ta wasa ce, ba ta aiki ba. Tseren mota yake so. Mutumin da babur ɗinsa sai an tura yake tashi, amma in ya fara ba ka labarin titunan cikin wasan, masu bi ta bakin teku, sai ka ga idonsa ya bar ɗakin. Ya haɗa komai, saura farosesa, wato ƙwaƙwalwar abin. Akwai wata a Sakkwato, a shirye. Shi kuwa ya kafe sai mai wani abu da ake kira haifatiredin, wadda sai an yo oda daga nesa.

Wata rana ya zo Kebbe ya tarar muna lugude ni da maƙwabciyata. Ya tsaya yana kallo kamar bai taɓa ganin daka ba.

"Adda, kin ga wanga? Turmi guda na, taɓarya biyu. Taki ta tashi, tata ta sauka, turmi bai zaman banza. Shi nika jira."

Na ce, "Turmin dai bai zama biyu ba, sakarai. In hatsin tiya guda na, mi za ka yi da mata biyu? Sayi wadda ka samu ka yi wasanka."

Ya yi dariya, ya ce maganar 'yan boko ce, ba zan gane ba. Lokacin ko sunana ban iya rubutawa ba. Ban yafe masa dariyar ba sai da ya kwanta ciwo.

Bayan rasuwarsa na shiga ajin yaƙi da jahilci ina da shekara arba'in da ɗoriya. Bana muka zauna da Saratu, tana karanto bayanin haifatiredin da Turanci a waya tana fassara mini, ni ina tsare ta da tambaya. Ashe farosesa turame da yawa ne a cikinta, kuma yawancin wasanni ƙarfin kowane turmi da saurinsa suka fi buƙata, sai katin da ke zana hoton. Haifatiredin na taimakawa in turamen kaɗan ne, ko in kana wasa kana ɗaukar bidiyo a lokaci guda. In ba haka ba, wani wasan ya ƙaru kaɗan, wani ko gezau. Har mun ga wasu masu ƙerawa sun fara cire shi daga sababbi.

Me Basharu zai ce? Na san shi, ba zai ce na yi gaskiya ba. Zai sosa ƙeya ya ce rabinta na faɗa, kuma haka ne. Wani lokaci in mota ta bi da ni ta Dogon Daji, nakan ga kamar zai wuce mu a guje cikin jar mota, gilas a sauke, yana ɗaga mini hannu.

Tun bara Saratu take roƙon in ba ta kwamfutar ta ƙarasa. Na hana, har da faɗa. Na naɗe ta da zane a kan sif. Gaskiyar da ban gaya mata ba ita ce: muddin akwai abin da ya rage a saka, sai in ji kamar Basharu ya je karɓowa ne, yana hanya.

Watan jiya na sauko da ita. Kayan sun tsufa, farosesar da ta dace da su sai ta hannu, kuma marar haifatiredin. Muka saka. Fanka ta juya, ƙura ta tashi, kwamfutar ta kunnu, na tabbata Basharu ba zai dawo ba. Na yi kukan da ban yi ranar jana'iza ba.

Abin da ya saura na Basharu ba ƙarfe ba ne. Yarinyar nan ce da ba ta barin sukuru sai ta ga inda ya shiga, da ni da nake rubuta wannan da hannuna. Allah Ya jiƙansa.

Saratu ta ce, "Gwaggo, ki huta, gobe in koya miki tuƙin motar wasan."

Na share ido na ce, "Matsa. Yanzu."