Nababa da Yaron Cikin Kumbo

A wani ƙauye da ke tsakanin Bici da Shanono akwai Nababa, manomin gero da gyaɗa kamar kowa. Abin da ya bambanta shi da sauran shi ne rumfar cajin waya da ya kafa a bakin kasuwa, da sola a kan rufin kwano da ƙaramin talabijin. In rani ya yi, aikin gona ya lafa, bayan la'asar matasa da magidanta sukan cika bencinsa, ya sa musu fina-finan da yake turowa daga Kano.

Cikin su akwai wani shiri mai dogon zango da aka fassara da Hausa. Labarin wasu mutane ne da ke yawo a kumbo tsakanin taurari, tare da wani yaro mai tabarau. Yaron ba ya wasa, ba ya kuka, ba a taɓa nuna uwarsa ba. In injin kumbo ya tsaya, manya suka ruɗe, sai ya zo ya haɗa wayoyi, kowa ya tsira. Nababa ya kalli shirin har ya haddace maganganun yaron.

Shi ma yana da ɗa, Ikrima, ɗan aji huɗu a firamare, mai son kwance abubuwa. Wata rana Ikrima ya gyara tocilar mahaifiyarsa Mairo da guntun waya. Bayan nan ya tayar da wata tsohuwar rediyo. Tun daga ranar Nababa ya daina kiransa da sunansa, sai Injiniya. Ya sayo masa tabarau a kasuwar Bici, alhali idonsa ƙalau yake. Ya hana shi zuwa ƙwallo, ya ce masu irin ƙwaƙwalwarsa ba sa ɓata lokaci. In an tashi daga makaranta, a rumfa Ikrima yake wuni, gabansa matattun caja da fitilu.

Mairo ta yi magana. "Malam, yaron nan fa yaro ne. Jiya da abinci a hannunsa ya yi barci."

"Ke ba ki san abin da Allah ya ba mu ba," in ji Nababa.

Ana cikin zafin bazara famfon sola na ƙauyen ya tsaya. Mai unguwa ya ce a kira mai gyara daga Bici. Nababa ya miƙe a gaban dattawa ya ce babu buƙata, Injiniya zai duba.

A hanya Ikrima ya riƙe masa gefen riga. "Baba, ban san wannan ba. Ban taɓa buɗe irinsa ba."

"Kana gani za ka gane," in ji Nababa, domin haka yaron cikin kumbo yake yi.

Mutane sun kewaye tankin famfon, har da mata daga nesa da bokitansu. Aka buɗe akwatin da wayoyin suke. Ikrima ya daɗe a tsugune yana kallo, gumi na zubo masa ta ƙarƙashin tabarau. Ya waiwayo ya dubi ubansa, uban ya gyaɗa masa kai. Sai ya sa sukundireba. Wuta ta yi tartsatsi, akwatin ya yi hayaƙi, yaron ya faɗi da baya yana ihu, yatsunsa biyu sun ƙone.

Nababa ne ya goya shi a babur zuwa asibiti. Duk tsawon hanyar abu ɗaya Ikrima yake maimaitawa: "Baba, ka yi haƙuri."

Da mai gyara ya zo, ya ce da can waya ɗaya ce ta saki, amma yanzu akwatin gaba ɗaya ya ƙone. Ƙauyen ya daɗe babu ruwan famfo, mata suka koma tsohuwar rijiyar bayan gari. Babu wanda ya faɗa wa Nababa baƙar magana, kuma wannan ya fi yi masa ciwo. Ya sayar da maraƙinsa aka haɗa aka sayo sabon akwati. Kafin a kawo, kullum da safe yana ɗaura jarkoki a babur yana kai wa tsofaffin unguwa ruwa.

Matasa sun ci gaba da neman shirin, shi kuma yana sa musu, amma kallon da yake yi wa shirin ya sauya. Ya lura duk lokacin da yaron ya ceci kumbo, manya sukan tafa masa su watse, babu mai tambayarsa ko ya ji tsoro. Ya lura kuma ba a taɓa bari ya yi kuskure ba, tunda masu shirin ne ke rubuta masa amsa. In aka zo wajen da yaron zai haɗa wayoyi, Nababa yakan fita ya tsaya a bayan rumfa.

Hannun Ikrima ya warke, sai dai bai sake taɓa waya ko batir ba. Yanzu yana ƙaramar sakandare, karatunsa tsaka-tsaki, kuma ya fi sakewa da abokansa fiye da gida.

A kakar bara suna cirar gyaɗa su biyu, Nababa ya ajiye fartanya ya ce, "Ikrima, ka yafe mini."

Yaron ya ɗago da mamaki. "Me ka yi mini, Baba?"

"Maganar famfo. Ka ce mini ba ka sani ba, na tura ka."

Ikrima ya ci gaba da kakkaɓe ƙasa daga saiwar gyaɗa. Can ya ce, "Ni na ɗauka ni na ba ka kunya a gaban mutane. Shi ya sa ba na zuwa rumfa."

Nababa ya zauna a kan kunyar gyaɗa. Shekaru yana ganin yaron na kauce masa, yana zaton fushi ne. Ya so ya yi masa dogon bayani. Abin da ya iya cewa kawai shi ne, "Ba kai ba ne. Wallahi ba kai ba ne."

Ikrima ya ce to. Ya jawo kwando kusa da ubansa, suka ci gaba da aiki har rana ta yi sanyi.