Fulako a Gidan Amala

A gidanmu, can wani ƙauye kusa da Lambara, ba a cin abinci a gaban wanda ake jin nauyinsa. Baƙo in ya zo aka kawo masa fura, zai ce ya ƙoshi ko da tun asuba yake tafe. Mai gida kuma sai ya tashi ya ba shi wuri, ya je duba maraƙin da lafiyarsa ƙalau. In ya dawo ya tarar da ƙwarya wayam, babu mai cewa uffan. Fulako ke nan, da shi aka raine mu. Sauran yaran gidan sun ɗebi gwargwadon abin da zai ishe su zaman duniya. Ni na ɗiba har ya yi mini yawa.

Da aka kai ni makarantar kwana, ɗakin cin abinci ya gagare ni. Ga ɗalibai a jere, cokula na ƙara, kowa na leƙen kwanon kowa. Nakan zauna da nawa a gaba har a kaɗa ƙararrawa, in tura wa na kusa da ni, in tashi. Garin kwaki da ƙuli-ƙuli nake ci a bayan aji in na tabbatar babu kowa. Kafin zangon farko ya ƙare na yanke jiki na faɗi a filin taro, aka kawo ni gida na rame kamar karan dawa. Daga nan aka mayar da ni makarantar jeka-ka-dawo a Bodinga, ina zaune wurin Goggo, yayar mahaifina. Ita takan ajiye mini tuwo a ɗaki, ta saki labule, ta tafi abinta. Haka na gama sakandare.

Na nemi karatun awon ƙasa da zanen taswira, abin da nake so tun ina ƙarami. Gurbin da na samu a wata jami'a ne a Kudu, cikin ƙasar Yarbawa, kuma an ce za a rufe rajista kafin a gama girbin gero.

Ni ɗan fari ne, don haka Inna ba ta kiran sunana, ba ta kuma yi mini magana kai tsaye. Ranar da na kai labarin ina durƙushe a bakin ƙofarta, tana kaɗa nono. Ƙwaryar ta yi wa magana.

"A faɗa ma wancan mai littattafai ba shi zuwa. Makarantar da ke nan kusa da ƙyar ta bar muna shi da rai. Can wa zai sakar mai labule?"

Mahaifina ya yi abin da uban ɗan fari ke yi, ya ce maganar tana hannun ƙaninsa. Baffa dogon mutum ne mai harkar shanu, shi ke kai dabbobin gida kasuwanni, sanda ba ta barin kafaɗarsa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ba kanka nika tsoro ba, ɗan Baffa, cikinka nika tsoro. Bari in duba."

Na koma Bodinga da abu ɗaya a rai. In dai cin abinci ne zai hana ni karatu, to cin abinci zan koya, yadda na koyi lissafi, daga mai sauƙi zuwa mai wuya.

A daminar nan aka buɗe wani ɗan gidan abinci a bakin babban titi, kusa da tasha, tsakanin mai faci da shagon cajin waya. Fentinsa shuɗi bai ma gama bushewa ba. An kafa allo da Turanci cewa ana sayar da abincin Afirka, na tsaya ina tunanin to tuwon geron Goggo na wace nahiya ne. Mutanen gari ba su wahalar da kansu da allon ba, gidan amala suke ce masa. Irin abincin da zan tarar a can Kudu ne, kuma a bainar jama'a ake cinsa. Abubuwa biyun da nake nema sun haɗu a wuri ɗaya.

Ban shiga nan take ba. Na riƙa zama a gindin dogon yaron mai faci da littafi a buɗe, ina nazarin wurin. Direbobi da safe suke cika shi. Ma'aikatan asibiti da masu bautar ƙasa da tsakar rana. Tsakanin Azahar da La'asar kuwa sai ƙuda da fanka. Na tsara jimlar Turancin da zan nemi abinci da ita, na gyara ta, na maimaita har ta zauna a bakina.

Mai wurin mace ce kakkaura, ɗankwalinta ya tashi sama kamar rumbu, kowa Iya yake ce mata. Na yi sallama, na zuba mata jimlata kamar mai ba da hadda. Ta ajiye ludayi ta dube ni tun daga hula har takalmi.

"Kai ɗan Hillani, mi kaka faɗi? Yi Hausa mu ji."

Ashe iyayenta ne suka zo daga Ilori. Ita a birnin Sakkwato aka yanke cibiyarta, Sakkwatancinta ya fi nawa kauri. Kunya ta rufe ni, na ce a sa mini a leda.

A ɗakin Goggo na buɗe. Amalar baƙa ce, mai santsi, da ɗan ɗaci-ɗaci a ƙarshen harshe. Koriyar miyar da nake ta fargaba ashe lalo ne, irin wanda ke fitowa a bayan garkenmu ba mai kula shi. Jar miyar ce ta nuna mini iyakata, don tonkar da ke ciki, barkonon nan mai zafi, sai da ta sa ni hawaye da majina. Duk da haka na cinye. Ina wanke hannu ina jin kaina kamar wanda ya ci jarrabawa, sai idona ya faɗa kan labulen. A sake yake. Ban ci komai ba ke nan. Satar amsa na yi.

Washegari na koma, na ce a nan zan ci. Akwai wani teburin roba a bayan firji, na ja kujera na fuskanci bango.

"Bango kaka ba labari?" in ji Iya da ta kawo ruwan wanke hannu. Ba ta jira amsa ba, ta koma wurin tukwanenta.

Na yi loma kaɗan lafiya lau. Sai wani direba ya shigo yana kiran a ba shi teba, hannuna ya tsaya tsakanin kwano da baki ya ƙi gaba ya ƙi baya. Na zauna haka har ya gama ya fita, abincina ya huce. Iya ta ɗauke kwanon, sai da na kai bakin ƙofa ta ce, "Gobe agushi nika yi."

Na ci gaba da zuwa. Na sa wa kaina doka cewa kowace rana sai na ƙara wani abu a kan na jiya, ko loma, ko matsar da kujera, ko zuwa da wuri kafin mutane su watse. Wata rana na juya gefe, ina ganin rabin ɗakin. Wata rana na bar bayan firji gaba ɗaya. Na yi zaton zan gano cewa babu mai kallona, tsorona ne kawai. Ƙarya ne, suna kallo, har da sharhi.

"Iya, kin raba yaro da fura! Alhakin shanu na kanki."

"Malam, tauna gandar nan da kyau, kakannin mai fatar ne kuka yi kiwo."

"Ku bar mini ɗana," Iya za ta ce daga bayan tukunya. "Shi da littafi yaka zuwa, ku da warin fetur."

Ban iya mayar da magana ba, har yau ma ban iya ba. Abin da na koya shi ne in sunkuyar da kai, in ji zafin kunyar ya hau mini wuya har kunne, in kuma kai lomar duk da haka. Zafin ba ya kisa. Yakan hau, ya tsaya, ya sauka.

Ban gaya wa kowa a gida ba, don ban san yadda zan faɗa ba. Ina ta shirya maganar a raina yadda na shirya jimlar Turancin nan. Na manta cewa tsakanin Bodinga da Shagari, ƙaramar hukumarmu, babu abin da ke ɓoyuwa muddin 'yan kabu-kabu na kai da kawowa a kan baburansu.

Wata ranar kasuwa na zo da tsakar rana, lokacin da wurin ya fi cika, na zauna ina fuskantar ƙofa. Aka kawo sakwara da miyar agushi. Na wanke hannu, na yi bisimilla, na yanko lomar farko. Sai na ga kan sanda ya ɗaga labulen ƙofar. Baffa ne.

Na saki lomar, na sauka daga kujera na durƙusa. Muka gaisa, ya tambayi Goggo, na tambayi mutanen gida da dabbobi da ruwan sama. Na jira ya juya ya ba ni wuri kamar yadda aka saba. Sai ya ja kujerar da ke gabana ya zauna, ya jingine sanda a teburi.

"An ce mini an ga ɗanmu shina shiga gidan Yarbawa," in ji shi. "Na ce ƙarya ne. Wanga ko gaban kaza ba shi shan ruwa."

Iya ta iso da kwano a hannu. "Alhaji, sannu da zuwa. Bisimilla."

"Alhamdu lillahi, na ƙoshi."

"Ai na sani. Ku ko daga bakin duniya kuka taho a ƙasa, a ƙoshe kuke."

Masu cin abinci suka yi dariya. Baffa ya murmusa, ya nuna kwanona da haɓa. "Naman ga wa ya yanka?"

"Mahaucin da kaka sai da ma shanu. In da matsala, daga garkenka ta taho."

Ta koma da kwanonta. Ni dai na koma kan kujera, hannuna na dama da danshin ruwa, sakwara na tururi tsakanina da ƙanin ubana.

Na san abin da tarbiyya ta ce. In rufe kwanon, in ce dama na gama. Yaron da zai buɗe baki ya tauna a gaban baffansa, a cikin kasuwa, za a ce birni ya lalata shi tun bai je ba, kuma wannan kaɗai ya isa a hana shi tafiya. In kuma na rufe, Baffa zai koma gida ya ce abin da Inna ta faɗa gaskiya ne. Na duba fuskarsa ko zan gane wanne yake so. Babu abin da na karanta a ciki. Mutumin da ke cinikin shanu ba a gane ransa a fuska.

Na ce, "Baffa, a yi mini gafara. Zan ci."

Ya gyara zama kawai.

Lomar farko ta tsaya mini a wuya. Na yi ta fama, tonka ta bi ta inda bai kamata ba, na sarƙe, tari ya kama ni, hawaye na zuba. Wani daga baya ya ce, "Sannu, Malam." Baffa ya turo mini kofin ruwa da bayan hannu. Na sha, a gabansa, na ajiye. Na yanko ta biyu.

A loma ta uku ko ta huɗu na ɗan ɗaga ido. Baffa ba ni yake kallo ba. Ya ƙura wa fanka ido kamar yau ya fara ganin irinta. Daga nan ya koma kan kalandar bango, shi da bai iya karatun boko ba. Ya gyara hula, ya duba ƙasan sandarsa, ya sake gyara hula. Gumi na bin gefen fuskarsa. Shi ma zaman ya yi masa wuya, amma bai tashi ba, ni ma ban tsaya ba. Na cinye sakwarar, na tauna gandar da ta ƙi taunuwa har ta yarda, na share miyar da ta rage a gefen kwano.

Da na wanke hannu ya miƙe. "Je ka yi ma Goggonka sallama. Gida za mu."

A mota ya juya fuska wajen taga. Muka wuce gonakin gero sun fitar da kai, muka sauka Shagari, muka hau babur zuwa ƙauye. Duk hanyar ina lissafin ta inda na yi kuskure.

Mun isa ana shirin sallar Magariba, shanu na dawowa. Baffa ya tsaya a bakin dangar Inna. Akwai wasa tsakaninsu, irin na matar wa da ƙanin miji, don haka da ƙarfi ya yi magana. Ni na tsugunna can gefe kusa da turke.

"Ke, ɗanki ya lalace. Gabana ya zauna cikin mutane ya tashi da malmala guda, har da suɗe kwano."

Inna ta dakata da abin da take yi. "Gabanka?"

"Gabana. Ni na rasa inda zan sa idona. Ban taɓa jin kunya irin ta yau ba, kuma ba ni ƙara zama in gani."

Ina jin ƙarar igiya ana ɗaure maruƙa, da muryar ladan daga masallacin gari.

"Abincin nasu," in ji Inna, "ya zauna mai a ciki? Bai mayar ba?"

"Ga shi nan, dube shi. Har gida bai ko yi gyatsa ba."

Ba ta dube ni ba. Ta ɗauki buta ta nufi bayan ɗaki, sai da ta kusa ɓacewa ta ce, "To a tambayi wancan wace rana motar Kudu ka tashi. Man shanun guzuri ba a soya shi a gaggauce."