Dardumar Aro

Shekarun baya, a shekarar da maigidana ya rasu, na koma gidanmu a Toranke da 'ya'yana uku. Daminar ba ta yi kyau ba, tun kafin sanyi ya wuce rumbunmu ya zama fayau. Wan mijina ya zo daga Gaya a kan babur, ya ce min cikin lalama, "Idan abin ya gagara, ki ba ni babban, ƙanwarmu ta ɗauki macen, ke ki riƙe na goye." Ba da mugunta ya faɗa ba. Amma tun daga ranar, ko ƙarar babur na ji a ƙofar gida sai gabana ya faɗi.

Ana haka sai ga maganar tallafin gwamnati, ɗan kuɗin da za a riƙa ba masu ƙaramin ƙarfi na wani lokaci. Mai unguwa ya sa sunana, amma ya ce ma'aikata za su bi gida-gida su gani da idonsu, wanda ba su gamsu da shi ba su soke shi.

To, ni da mahaifiyata abin da ya tsaya mana a rai shi ne baƙi za mu yi. Ta dubi tabarmarmu ta ce, "Wallahi baƙin gwamnati ba za su zauna a kan wannan tsumman ba." Ni uwar wayo na garzaya gidan Hajiyar unguwarmu na aro jar dardumarta, mai tabon ƙunar garwashi a gefe. Ta ce in yi maza in dawo da ita, ana jira. Na haɗo da kwanukan samira. Kaza ɗaya ta rage mana, muka sa aka yanka. Na wanke yara tas, na shafe su da mai, na ɗauro atamfar aurena.

Da azahar ma'aikatan suka iso su biyu, mace ce ta shigo, namijin ya tsaya a zaure. Ta zauna, ta fito da waya.

"Inna, sau nawa kuke ɗora tukunya a rana?"

Mahaifiyata ta ce, "Alhamdu lillahi, 'yar nan, sau uku."

"Akwai abin da ya rage a rumbu?"

"Sai godiyar Allah."

Ina ganin yatsanta yana danna waya, sai a lokacin na gane abin da muka yi wa kanmu. Ga nama a gabanta, ga yara suna sheƙi, ga ni kamar mai zuwa biki. Na buɗe baki in gyara zancen, mahaifiyata ta watso min harara, na haɗiye. Matar ko taɓa kazar ba ta yi ba, ta ce a ba yara, ta yi sallama.

Na dubi babban ɗana yana leƙen kwano, sai na ga kamar har an ɗora shi a bayan babur. Ban san sanda na fita ba, ko takalmi babu. Na cim ma ma'aikaciyar a bakin rijiya, ga maza zaune a gindin darbejiya suna kallona.

Na ce, "Hajiya, don Allah ki tsaya. Ƙarya muka yi miki. Ba mu da komai. Jiya da kunu muka kwana, kuma raba min 'ya'ya za a yi."

Tunda nake ban taɓa faɗin haka a gaban mutane ba. Ta kama hannuna ta ja ni gefe, ta yi ƙasa da murya.

"Baiwar Allah, je ki sa takalminki. Dardumar nan mai ƙuna a gefe, gidanku ne na huɗu da na zauna a kanta yau."

Duk da haka hankalina bai kwanta ba, don ba ta ce min e ko a'a ba. Makonni na yi ina zaman jira, har ranar da mai unguwa ya aiko cewa sunana ya fito. Tallafin ba yawa gare shi ba, bai kuma daɗe ba, amma ya kai mu kaka, kuma ba a ɗauki ɗa ko ɗaya ba.

Yanzu in na tuna nakan yi dariya, sai kuma tsigar jikina ta tashi. Saura kaɗan in rasa 'ya'yana don kar baƙuwa ta ga tabarmata. Mahaifiyata kuwa har ta koma ga Allah ba ta yarda kuskure muka yi ba. Cewa take, "Ai dai ba ta zauna a ƙasa ba."