Ni aka aika in gaya wa Kaka

Shekarar da muka sayar da gidan kakata a Roni, ruɗewar tsufa ta riga ta ci ƙarfinta. Takan ɗora tukunya ta manta, har sai maƙwabta sun ga hayaƙi. Ran nan aka tsince ta a hanyar Gwiwa, wai za ta gaida wata ƙanwarta da ta rasu tun ban yi wayo ba. Dangi suka zauna, aka ce ta dawo Kazaure wajen mahaifina, gidan kuma a sayar a riƙa yi mata magani. Mai saye ya samu, shaidu suka samu. Abu ɗaya ya rage, mai gidan ba ta sani ba.

Mahaifina ne ya kamata ya gaya mata, to amma shi ɗan fari ne, ita kuwa Bafulatanar asali. Tunda ta haife shi ba su taɓa zaman hira ba. In ya gaishe ta, katanga take amsa wa. Gwaggona ta ce ita hawan jini gare ta. Sai duk aka waigo aka dube ni, wai ni ne jika, ni kaɗai ke iya gaya mata kowace magana ba a ce na yi rashin kunya ba. Har aka yaba wa wanda ya kawo shawarar.

Na hau babur na je. Na same ta tana tsince wake a ƙofar ɗakinta. Na durƙusa, na gyara murya.

"Kaka, an sayar da gidan nan."

"Sannu, maigida," in ji ta. "Ka kasa cefane shi ne ka koma sayar da gida?"

"Wallahi da gaske nake."

"Ni ma na sayar da kai jiya, mai sayen ne ya ce ka cika rama."

Ta yi dariya har da tari. Babu wanda ya tuna cewa tun ina yaro nake ce mata na sayar da akuyarta, na kuma yi mata miji a Babura. Duk abin da ya fito daga bakina, wasan jika ne a wajenta. Na koma gida aka tambaye ni ko na faɗa mata. Na ce na faɗa. Aka ce alhamdu lillahi, an fita haƙƙinta.

Ranar tashi ba ta ba kowa wahala ba. Ta ga ana loda gadonta da kwallayenta a mota, ta nuna ni ta ce wa direba, "Ka ga aikin ja'irin nan." Ta shiga gaba ta zauna, tana murmushi irin na wadda ta gano dabara amma ta bari a ƙarasa. Ni dai raina bai taɓa ɓaci kamar ranar ba.

Mai sayen ya rushe ɗakinta kafin damina, ya yi shaguna. Ita kuma tana Kazaure, tana shan magani, har ta yi ƙiba. Ba ta tambayar kowa komai. Sai in na shiga gaishe ta take kama bakin rigata, ta rage murya don kada a ji.

"Maigida, wasan ya isa haka. Mai da ni gida."